Ciwon Haƙarƙari Ga Jarirai: Daga Gida Zuwa Gadon Asibiti

Ke uwar goyo, da kai maigida, wannan takarda taku ce. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, a karanta masa.

Ciwon haƙarƙari, wanda malaman asibiti ke kira limoniya, ciwo ne na huhu. A cikin huhun mutum akwai 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, su ne ke karɓar iska. In ƙwayar cuta ta shiga, sai jakunkunan nan su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin zama. Babba ya kan jure kwana da kwanaki. Jariri kuwa huhunsa ƙarami ne, ƙarfinsa kaɗan ne, yana iya galabaita tsakanin magariba da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 ciwon nan ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000. A lissafin UNICEF na shekarar 2018, yara 162,000 ya kashe a Nijeriya, watau babu ƙasar da ta kai mu hasara a wannan shekara. Alhali kuwa ciwo ne mai magani.

Da mura ya kan fara, musamman da hunturu, sa'ad da ƙura ta rufe gari ana kwana da garwashi a ɗaki. Sai tari, sai zazzaɓi. Mutane da yawa su kan ce zazzaɓin sauro ne, ko haƙori, a aika yaro kemis. Kwana biyu sun tafi ke nan.

To, ga yadda za ki gane. Ki bari sai jariri ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. Ki ɗaga rigarsa ki dubi cikinsa. Tashi ɗaya da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Maigida ya riƙe agogo ko waya, ke ki ƙirga har minti ɗaya cur, kada a rage. In jariri bai cika wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kin yi shakka, ki sake ƙirgawa.

Sa'an nan ki dubi ƙasan ƙirjinsa, inda awazu suka ƙare. Yaro mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. In kin ga wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, huhu yana wahala. Haka kuma in ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana nishi, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko leɓensa ya sake launi. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ku lura da wannan ƙwarai: ɗanyen jariri ba lalle ne jikinsa ya yi zafi ba, wani sa'i ma sanyi ya kan yi ƙalau, ciwon kuwa yana nan yana ci.

Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar kasuwa. Kai maigida, in za ka gona mai nisa ko fatauci, ka bar izini a gida da ɗan kuɗin mota, domin kada matarka ta zauna tana jiranka da yaro a hannu. Kada a kira wanzami ya yi tsaga ko ya cire beli, gama ciwon yana can cikin huhu inda aska ba ta kaiwa. Kada a turara masa hayaƙi. Kada a ɗura masa maganin tari ko jiƙo, yana iya shaƙewa.

Ku fara da asibitin da ya fi kusa. Mutanen Kujama, da Kakau, da Gonin Gora, da sauran ƙauyukan kudancin kogin Kaduna, ba sai kun haye gada ba tukuna. Akwai babban asibiti a Sabon Tasha, akwai asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. In ciwon ya fi ƙarfin wuri, su ne za su rubuta muku takarda zuwa gaba, kamar asibitin Barau Dikko a hayin kogi. A hanya ki rungume shi a ƙirjinki ya ji ɗumi, ki ci gaba da ba shi nono in yana iya kamawa. Da isarku kada ki bi layi ki yi shiru don kunya. Ki ce wa nas, "Numfashinsa ne." Ki ɗauko katin rigakafinsa, da kwalabar duk maganin da aka riga aka ba shi, ki faɗi gaskiya, ba wanda zai kama ki.

In ciwon bai yi tsanani ba, za a ba ki ƙwayar amozilin mai narkewa a ruwa ko a nono, ki koma gida. In ya yi tsanani, za a ba ku gado. A nan ne zuciyar iyaye ke karyewa, don haka bari mu gaya miki abin da za ki gani tun kafin ki gan shi.

Za a maƙala masa wani ɗan abu mai jar wuta a yatsa ko a ƙafa. Ba ya ciwo, awon iskar da ke cikin jini yake yi. In lamba ta sauka ƙasa da 90, sai a sa masa siririyar roba a hanci, a ba shi oksijin. Ana yawan cewa wai wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi. Ba haka ba ne. Oksijin yana cikin iskar da ke da ni muke shaƙa yanzu, kashi 21 cikin 100, sai dai huhu marar lafiya ba ya iya ɗibar abin da zai ishe shi, shi ya sa ake ƙara masa. Abin da ya jawo zancen nan shi ne, da yawa ba a kawo su sai ƙarfi ya ƙare, sai a ɗora laifi ga roba. Kada ki cire ta da dare don tausayi, ko da kaka ta ce a cire.

Za a sa masa allura a jijiyar hannu a naɗe, ta nan magani ke shiga. In ya kasa tsotso, za a zura wata roba ta hanci zuwa ciki, ki tatsi nononki a ba shi ta nan. Ki yi ta tatsa ko ba ya sha, domin kada nono ya ƙafe. Ke ma ki ci abinci. A samo 'yar'uwa ta karɓe ki ki ɗan runtsa, gama jinyar jariri ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Wani ciwon ƙirjin na jarirai, irin mai sa numfashi yana fito, ƙwayarsa ba ta jin allura. Maganinsa oksijin ne da abinci da haƙuri, har jiki ya kore ta da kansa. Saboda haka in likita bai rubuta allurai da yawa ba, ba sakaci ba ne. Ki tambaye shi, zai yi miki bayani.

Kai maigida, kada ka ga yaro ya buɗe ido ya kama nono ka ce a tattara a tafi. Kuɗi suna ƙarewa, mun sani, aikin gona kuma yana jira. Amma in ka fita da shi kafin sallama ciwo ya dawo, sau biyu za ka biya. In aljihu ya gaza, ka gaya wa babbar nas tun da wuri.

Bayan sallama a shanye magani duka, ko yaro ya warke sarai. A raba shi da hayaƙin murhu, kada a goya shi ana hura wuta, kada a sha taba a ɗakinsa. Nono zalla har wata shida, ba ruwa ba kunu. A duba katinsa: allurar Penta, wadda aka fara a Nijeriya a 2012, da ta limoniya da ta biyo baya a 2014, ana yinsu a mako 6, da 10, da 14, ta ƙyanda kuma a wata tara. In an tsallake wata, a kai shi a cike, kyauta ne a asibitin gwamnati. Tari kan ɗan daɗe bayan an dawo gida, wannan ba kome. Amma in numfashi ya sake yin sauri, ko ya sake ƙin nono, a koma a ranar, da takardar sallama a hannu.