Darasi: Yadda Ake Saba Wa Dabba Mai Tsoro Da Yankan Kofato

Darasinmu na wannan fitowa a kan kofato yake, da dabbar da ba ta yarda a taɓa mata ƙafa.

Ragon da ya taso a ƙasar Nijar ko Burkina kullum cikin tafiya yake a kan ƙasa mai tauri, ƙasar ce ke cinye masa kofato. To amma in ya sauko ta Sinkase ya iso Lome, aka ɗaure shi a turke, ko a Amutive ko a Agwe-Zango inda aka mai da jama'armu a 1977, sai ya wuni tsaye cikin rairayi da laima, musamman daga Afirilu zuwa Yuli. Kofato bai daina tsiro ba. Na shanu yakan ƙaru wajen milimita 5 kowane wata, na tumaki ma haka yake ta fita. Gefen ya lanƙwashe ya rufe tafin, kashi ya maƙale, sai ɗingishi. Kuma kowa ya san hukuncin: dabbar da gurguntakarta ta bayyana ba ta isar wa layya. Wata huɗu kana zuba dusa da harawa, ranar ciniki mai saye ya duba ƙafa ya wuce.

Abin da yaranmu suka saba shi ne mutum uku su kayar da rago su danne, ana ihu. Aikin zai yiwu, amma sau ɗaya. Dabba ba ta mantuwa. A 2001 masu bincike a Ingila sun nuna tunkiya na riƙe fuskokin 'yan'uwanta 50 har shekara 2, balle wanda ya murɗe mata ƙafa.

Ka fara tun kofato bai lalace ba. Lokacin ba da dusa, tsaya ta gefen kafaɗa, kada ka ɓullo ta baya inda ba ya ganinka. Shafa wuya, gangara zuwa gwiwa, ka tsaya nan. Gobe ka kai ga kofato. Jibi ka ɗaga ƙafar, ƙirga uku, ka ajiye tun bai fizge ba. Wannan shi ne asirin: kai za ka saki, ba shi zai ƙwace ba. In ya daina cin dusar, ya gaya maka ka yi sauri, sai ka koma matakin jiya. A bar wani rago kusa da shi, don kaɗaici kansa tsoro ne ga tumaki. Almakashin ma a bari ya shinshina, ya ji ƙararsa yana ci.

Ranar yanka, ƙafa ɗaya ta isa. Bayan ruwan sama kofato ya fi laushi. Kankare dattin, ka riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, da ka ga wurin ya soma yin ja-ja ka dakata, jini na kusa.

Karen gadi da kyanwar rumbu ma haka ake bi da su, farce ɗaya a rana, da ɗan abin ci a hannu.

Amma in ka ji wari tsakanin yatsun kofato, ajiye wuƙa. Wannan ruɓewa ce, yanka yana ƙara jinkirta warkewa. Ware dabbar a busasshen wuri, a kira likitan dabbobi ya yi allura.