Farauta a Dajin da Soja Ke Gadi: Shawarwari ga Gidajen Maharba a Tibiri

Da an ɗaure damin gero na ƙarshe, hunturu ya fara busowa, sai hankalin samarin Arewa ya koma daji. Karnuka ma sun san lokacin. Haka aka gada daga Tibiri har Dumega, Geceme da Kore Mairuwa, kuma in ka bi labarin kafuwar garuruwanmu, da yawansu za ka tarar maharbi ne ya fara sare wurin. Sai dai dajin yanzu ya sami wasu masu iko da shi. Bututun man da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jiharmu ta Dosso a Nijar, kuma soja ke tsaronsa. Ranar 12 ga Yuni 2024 'yan bindiga suka yi wa masu sintirin kwanton ɓauna tsakanin Salkam da Tibiri, suka kashe soja shida. Wanda ya binne abokan aikinsa shida, in ya hango mutum da bindiga cikin sabara, da wuya ya tsaya tambayarsa ko zomo yake nema.

Shawarwarin nan na gida ne gaba ɗaya, har da uwar da ke jiran a dawo.

1. A san inda ba a takawa kafin a saki kare. Gandun dajin gwamnati yana da iyaka sananniya, gonar mutane ma haka. Wurin soja shi ne mai wuyar sha'ani, don ba ko'ina aka ja waya ba, kuma inda aka bari a wuce makon jiya ana iya hanawa yau. Hanyar bututu, da tashoshinsa, da duk inda soja suka kafa sansani ko shinge, a ba su rata mai yawa, har yadda ƙarar bindigarka ba za ta kai kunnensu ba. Mai gari shi ne farkon wanda za a tambaya. Bayansa sai Fulanin da ke kiwo a gefen, domin su ne ke kwana su tashi a dajin, sun san inda aka koro mutane jiya da yamma.

2. A rubuta fita, a rubuta dawowa. A Amurka akwai barikokin soja masu faɗin daji inda ake barin farar hula su shiga harbin barewa, kuma wata doka ta 1960 mai suna Sikes ce ta share fagen hakan. Ba haka kawai ake faɗawa ba. Mutum zai yanki takarda, a nuna masa yankin da aka ba shi, ya sa hannu da shigarsa, ya sa hannu da fitarsa kafin lokacin da aka yanka. Ranar da soja ke atisaye a rufe yankin, inda ake gwajin manyan bindigogi kuwa ba mai shiga ko da yaushe. Maharbin yakan sa riga mai launin lemo mai ƙyalli don a gane mutum ne tun daga nesa.

Mu nan ba mu da wannan tsari, kuma kada wani ya ɗauka soja za su buɗe masa wurinsu. Amma rabin dabarar a hannunmu take. Sarkin baka ko babban da ke jan tawaga ya kai wa mai gari sunayen masu fita, da dajin da za a shiga, da lokacin dawowa, shi kuma mai gari ya sanar da jandarmomi. Farautar gayya, wadda ake buga ganga garuruwa uku su haɗu, ita ta fi bukatar wannan, don taron maza ɗari da gora da kere suna ihu cikin ƙura abin firgita ne ga wanda bai san da zuwansu ba. A gida kuma maharbi ya faɗa wa matarsa ko mahaifinsa ainihin inda ya nufa. Wasu na ganin faɗin wurin farauta yana kore sa'a. A ganina gara a rasa zabo da a rasa inda za a fara neman mutum.

3. Takarda a aljihu. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ita ta tsara wanda zai yi farauta, da irin izinin da zai riƙe, da dabbobin da ba a taɓawa. Buɗe lokacin farauta da rufe shi aikin hukuma ne, saboda haka a je ofishin ma'aikatan gandun daji a Tibiri ko Dogon Dutsi a ji halin da ake ciki a bana. Izinin farauta daban, izinin riƙe bindiga daban. A haɗa su da katin ɗan ƙasa a naɗe cikin leda, a sa a aljihun gaba, kada a cusa su ƙasan burgami inda sai an zura hannu an lalubo. Zura hannu cikin jaka a gaban soja ba abin yi ba ne.

4. Farautar dare ta ƙare. Cocila a goshi da bindigar baushe a kafaɗa, da can ma ma'aikatan gandun daji suna kama mutum a kansu, balle yanzu da haske mai yawo cikin daji ke nufin abu guda a idon mai gadi. A fita bayan gari ya waye sarai, a juyo gida tun la'asar. Babura biyu ko uku a jere, kowanne da goyo, fuska naɗe da rawani, wannan kamar ta 'yan bindiga ce, kada a are ta.

5. In an yi kiciɓis da soja, a tsaya cik. Kada a ruga, kada a faɗa bayan kalgo. A ajiye bindiga ko baka a ƙasa sannu a hankali, a ɗaga hannu, a yi sallama da ƙarfi, mutum ɗaya ya yi magana, sauran su riƙe karnuka. A faɗi sunan gari da na mai gari. In sun ce a koma, a koma. In sun karɓe bindiga, a bar musu, gobe mai gari ya bi sawu. Kada kowa ya ciro waya ya ce zai ɗauki hoton motarsu ko sansaninsu. Samari su ne abin ji a nan, masu rigar layu da ke ganin ƙarfe ba ya cin su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma uban da ya koya wa ɗansa harbi shi ne ya kamata ya koya masa ajiye makami.

6. Makami ba ya ƙetare iyaka. Tsakaninmu da Kangiwa da Bacaka a jihar Kebbi dangi ɗaya ne, zomo kuma bai san iyaka ba, amma takardar Nijar ba ta aiki a Najeriya, kuma yankin na fama da 'yan bindigar Lakurawa. A tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025: mafarauta 'yan arewacin Najeriya suna hanyar komawa gida yin salla, aka ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Nisa tsakaninmu da Edo ba kaɗan ba ne, amma zargin iri ɗaya ne.

7. Dabbar da aka harba ta tsallaka wurin da aka hana, ta tafi ke nan. Na san zafin abin: ga jini a kan ciyawa, ga sawu yana jan ƙafa, ga kare yana tsuma. A kira kare, a juya. In karen ya bi ta, a jira shi daga nesa, zai dawo.

8. Ƙarfen da aka tsinta a daji ba na sayarwa ba ne. Wannan ta yara ce da iyayensu mata. Inda soja suka yi zango ko aka yi artabu akan bar kwanson harsashi, wani lokaci har da abin da bai tashi ba. Yaro na ganinsa sai ya tuna mai sayen tsohon ƙarfe a kasuwa. A ja musu kunne: kada a ɗauka, kada a jefe shi da dutse, kada a sa shi a wuta. A lura da wurin daga nesa, a zo a faɗa wa babba. Haka waya da ta leƙo daga ƙasa, ko tono sabo a tsakiyar turba.

9. Kada a cinna wa daji wuta don fitar da gafiya. Iskar hunturu ba ta shawara da kowa. Wutar na iya cinye karan da dabbobin gari za su ci har bazara, ko ta kai rumbu. Kusa da bututun mai kuwa, laifin ya wuce na ƙona ciyawa.

10. Akwai dabbar da ko a bayan gida aka gan ta ba a ɗaga mata kere. Raƙumin dawa ne kan gaba. Waɗanda ke Nijar, galibinsu a yankin Kure da Dallol Bosso, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba, kariya ce ta sa suka haura 600, kuma sukan yi yawo nesa da mazauninsu. Wanda ya ga ya shigo gonar wake, ya kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji. Barewa da gada kuwa, duk tsohon maharbi zai gaya maka da can ba a yin nisa a Dallol Mauri kafin a tashe su, yau sai a wuni ba a ga sawu ba. Mai ciki da mai shayarwa a ƙyale su.

11. Uwargida, naman da ya shigo gidanki kina da ikon tambayar asalinsa. Wa ya harbe shi, a ina, an same shi da rai an yanka? Wanda aka tsinta a mace ba a san abin da ya kashe shi ba mushe ne, kuma in kika ga baƙin jini na fita ta hanci ko ta baya bai daskare ba, ciki ya kumbura da wuri, alamar cutar saifa ce mai kama mutum. Ko fatar kada a feɗe, a sanar da likitan dabbobi. Wurin da harbi ya shiga a yanke shi da faɗi a zubar, domin ɓarɓashin dalma da guntayen ƙarfen da ake ɗura wa baushe suna maƙalewa cikin tsoka. Mai ciwo a hannu kada ya yi fiɗa. Ɓerayen da yara ke kamowa su babbake, a hana su, musamman da rani, lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi a Najeriya. Sauran naman a dafa shi ya yi laushi har ƙashi, wanda za a ajiye a ƙyafe shi a ranar, a rataye inda kare da ƙuda ba sa kaiwa.