Ruwan da Ke Gindin Dutse

Kusan kowace Asabar, da an idar da sallar asuba, za ka ga motoci sun bi hanyar Bwari sun nufi Ushafa. Matasa ne, maza da mata, ma'aikatan ofis da ɗalibai, kowa da gorar ruwansa, za su hau duwatsun da suka kewaye dam ɗin Usuma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na daɗe ina bin irin wannan ayari da jakar agajin gaggawa a bayana. Ina son abin har cikin raina. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙololuwar dutsen nan da hantsi, ya hango ruwan shimfiɗe tsakanin tsaunuka, ya san abin da ke mai da mutane can duk mako.

A kan dutse aikina bai taka kara ya karya ba: targaɗe, ƙujewar gwiwa, sai wanda ya fito bai karya kumallo ba jiri ya ɗebe shi. Da damina nakan ja kunne a kan santsi, in hadari ya haɗo kuma mu sauko saboda tsawa. Inda gabana yake faɗuwa shi ne bayan an sauko. Rana ta take, an yi sharkaf da gumi, ga ruwa kwance luf. Sai wani ya ce, "Bari in ɗan jiƙa ƙafa." Kafin ka ankara an tuɓe riguna.

Dam kwari ne da aka tare bakinsa ruwa ya cika shi, saboda haka gangaren da ka sauko ta kansa bai ƙare a bakin ruwa ba, ya ci gaba har ƙasa. Taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku ƙafa ba ta taɓa komai. Akwai laka, akwai kututture, sama da ɗumi ƙasa da sanyi, ga jijiyoyin da suka gaji da hawa. Mai nutsewa kuwa galibi ba ya ihu, numfashin yin ihun ne ba shi da shi. In hakan ta faru, kada wanda bai koyi ceto ba ya faɗa. A miƙa sanda, a jefa igiya ko jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta, a kira 112. In an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki a riƙa danna ƙirji. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki ko kifa shi wai ruwa ya fita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne tsargiya, domin ita ba a ganinta a ranar. Wani saurayi da muka sha hawa tare ya same ni a wurin aiki, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Sista, jini nake gani a ƙarshen fitsari." Ya riga ya sha maganin sanyi kala-kala daga kemis, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Na tambaye shi ko ya shiga wani tafki ko rafi. Sai da ya yi shiru kafin ya tuna, wajen wata uku da suka wuce, bayan wani hawan dutse. Gwajin fitsari ya nuna ƙwan tsutsar tsargiya.

Yadda abin yake, mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke zama cikin ciyawar bakin ruwa. A can take hayayyafa, sannan ta fito, kuma ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da masu hawan dutse suke neman abin sanyaya jiki. Ba ta buƙatar rauni ko ka sha ruwan. Ta fata lafiyayya take shiga cikin 'yan mintuna, ko da alwala ka yi. Wani ya ji ƙaiƙayi, wani ya yi zazzaɓi bayan 'yan makonni a ce maleriya ce, wani kuma bai ji komai ba. In aka bar ta shekaru takan lalata mafitsara da ƙoda ko hanta, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara. A jikin mace takan jawo ciwon mara da zubar jini, har ta hana ɗaukar ciki, kuma sau da yawa sai a yi ta maganin sanyi a banza. Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, har a wasu ƙauyukanmu ana ɗaukar jinin fitsarin yaro alamar balaga ce. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Ido ba ya bambance ruwan da ke da ita da wanda babu, don haka ni duk ruwan dam da tafki zarginsa nake yi.

Akan ce mini, ai ruwan Usuma shi Abuja take sha. Gaskiya ne, har ƙari ake janyo masa ta bututu daga Gurara ta jihar Kaduna. Amma sai ya bi ta matatar ruwa an tace an sa magani kafin ya isa famfo. Na bakin dam ɗanye ne. Ku taho da ruwan sha da na alwala daga gida.

In kin riga kin shiga, ko ka riga ka shiga, maganin yana nan, sunansa praziquantel, kuma da nauyin jiki ake auna shi. Sai dai ba ya kashe tsutsa tun tana ƙarama, shi ya sa sha washegari ba ya wadatarwa, akan jira mako 6 zuwa 8. Ku je asibiti ku faɗa wa likita ranar da kuka shiga ruwa da wurin, ko bai tambaya ba. In an ce ku kawo fitsari, ku ba da na tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, ku tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar.