Darasi: Sake Duba Manufar Yawon Buɗe Ido A Lokacin Tsukewar Tattalin Arziki

A duk lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya tsuke, harkar yawon buɗe ido tana cikin na farko da kan ji jiki, domin kuwa magidanci yakan soke tafiyar hutu tun kafin ya kai ga rage cefane. Shi ya sa manufar da aka tsara a lokacin yalwa take bukatar a sake duba ta idan aljihu ya yi sanyi. Darasinmu na wannan mako zai yi nazarin wannan batu ne ta fuskar Nijeriya.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar yawon buɗe ido a shekarar 1990, sa'an nan a 1992 ta kafa hukumar NTDC bisa dokar soja mai lamba 81. A 2006 kuma aka kammala wani babban tsari da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ware shiyyoyi biyar da za a raya, ciki har da Abuja, Kano da Kuros Riba. Sai dai an yi wannan tsari ne a zamanin da man fetur ke tashe. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, tattalin arziki ya ja baya a wannan shekara, ya kuma sake ja baya a 2020 sakamakon annobar korona. Da irin wannan sauyi, tambayoyi uku ne suka wajaba a kan mai bitar manufa.

Ta farko ita ce: wane baƙo ake nema? An daɗe ana hangen Bature mai dala, alhali kuwa faɗuwar darajar Naira a 2016 da 2023 ta sauya lissafi. A 2024 dala guda ta haura Naira 1,500, don haka iyalin da suka saba hutu a Dubai ko Landan suka fara neman inda za su huta a gida. Haka nan 'yan ƙasa mazauna waje, waɗanda kan cika Legas a watan Disamba, sun ga kuɗinsu ya ƙara auki. Waɗannan su ne kasuwar da ke hannu.

Ta biyu: a yi sabon gini, ko a gyara na da? Jihar Kuros Riba ta ba da amsa ta fuska biyu. Katafariyar cibiyar Tinapa, da aka buɗe a 2007, ta lashe maƙudan kuɗi, bashi ya yi mata katutu, shagunanta suka zauna babu ciniki. Bikin Kalaba kuwa, wanda aka soma a 2004, ya riƙa cika otal-otal na garin a ƙarshen shekara. A Arewa ma dukiyar tana nan: gandun dajin Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, tsaunin Sukur da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999, bikin kamun kifi na Argungu da ta amince da shi a 2016, da hawan sallar Kano a 2024. Bukatarsu ita ce hanya mai kyau, ruwa, lantarki, da ranar biki tsayayya. Bikin Argungu ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020, kuma babu mai zuba jari a kan bikin da bai san ranar dawowarsa ba.

Ta uku: nauyin wa za a rage? A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rajistar otal-otal da kula da su hurumin jihohi ne. Ke nan manufar tarayya ba za ta yi tasiri ba sai da hannun gwamnoni, musamman wajen rage haraji barkatai. Akwai abin koyi daga ƙasar Ailan, wadda a tsakiyar matsinta, a 2011, ta sauko da harajin VAT na otal da gidajen abinci daga kashi 13 da rabi cikin ɗari zuwa kashi 9, ba ta mayar da shi ba sai a 2019.

Duk wannan kuwa ya rataya ne a kan tsaro, domin ba a tallata wurin da matafiyi ke tsoron hanyarsa.

Ga ɗan kasuwa, abin lura shi ne kada ya ci bashin dala ya gina abin da kuɗin shigarsa Naira ne. Ya auna farashin ɗakinsa da aljihun ma'aikaci da ɗan kasuwar gida, ya haɗa kai da masu motocin haya, dukawa da masu rini, ya kuma tsara cinikinsa bisa lokutan sallah da hutun makaranta. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.