Darasin Lafiya: Bitamin da Jikin Baƙo a Sabkha

 

Darasinmu na wannan karo ya shafi wasu sinadarai da jiki ke buƙata kaɗan ƙwarai, amma rashinsu kan kwantar da ƙato. Su ne ake kira bitamin. Mun ɗauki unguwar Sabkha da ke Deira, a Dubai, a matsayin misali, domin ita da maƙwabtanta irin su Naif da Al Ras da Kasuwar Zinare sun daɗe suna karɓar fatakenmu daga Kano da Maraɗi da Zinder, wasu kuma sun zauna a can da iyalansu. Amma maganar ta shafi na Jidda da na Landan da na Toronto. Hadisin Abdullahi ɗan Amr, wanda Buhari ya ruwaito, ya tabbatar da cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, kuma ba a sauke haƙƙin da ba a san shi ba.

Tuwo da shinkafa da mai suna ba jiki ƙarfi, nama da wake suna gina shi. Bitamin kuwa ba ya ƙosarwa, aikinsa shi ne taimaka wa jiki ya sarrafa abin da aka ci, ya haɗa jini, ya ƙarfafa ƙashi, ya warkar da rauni. Shi ya sa mutum zai iya cika ciki sau uku a yini, har ya ajiye tumbi, alhali jikinsa na fama da rashi. Bitamin iri 13 ne. Huɗu daga ciki, wato A da D da E da K, cikin mai suke narkewa, jiki kuma yana adana su a hanta da kitse. Sauran tara, wato C da dangin B guda takwas, cikin ruwa suke narkewa, mafi yawan rararsu tana fita ta fitsari, don haka sai ana samun su a kai a kai. B12 ne kawai a cikinsu hanta ke iya ajiyewa na shekaru.

Ta hanyar cuta aka gano su. A shekarun 1890, a tsibirin Jawa na Indonesiya, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba su farar shinkafa, wadda aka cire wa dusa tas, ƙafafunsu na mutuwa kamar yadda na mutane ke yi a cutar da ake kira beriberi. Da aka mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba, sai suka miƙe. Abin da ke cikin dusar shi ne bitamin B1. A 1912 Casimir Funk, ɗan Polan, ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan da muke kiransu da shi. Abin sha'awa a nan shi ne, gumin shinkafa da iyayenmu mata ke yi a Sakkwato da Kabi kafin a casa ta yana tura wannan sinadari cikin ƙwayar, ta yadda ko an cire dusa ba ya tafiya duka. Ba su san sunansa ba, amma sun kare gidajensu.

To, mu zo ga wanda ya fi damun mazauna Sabkha, wato bitamin D. Shi dai fata ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye, abin da ake samu a abinci kaɗan ne. Aikinsa babba shi ne buɗe wa sinadarin kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini, daga nan zuwa ƙashi. In babu shi, ko mutum ya sha madara kwano-kwano, kaɗan ne zai shiga jikinsa.

Mai hankali zai ce, ina ƙasar da rana ke ƙona dutse za ta rasa abin da rana ke bayarwa? Ai kuwa ta rasa. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya duba jinin mutum sama da 60,000 a Abu Dhabi, ya sami fiye da kashi 80 cikin 100 ba su kai adadin da masu binciken suka ɗauka a matsayin wadatacce ba. Gaskiya ne waɗanda suka je asibiti ne aka auna, kuma ma'aunin da aka sa yana da ɗan tsauri, amma duk da haka adadin ya isa a tsaya a duba.

Dalilin yana cikin yadda ake rayuwa. Dubi yinin ɗan kasuwa a Deira. Ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, ya bi ta inuwar dogayen gine-gine ya shiga shago mai na'urar sanyi. Da azahar, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a watannin bazara, kowa ya fake. Kasuwa ba ta ci sosai sai bayan la'asar har zuwa dare, lissafi da ɗaurin kaya da zuwa wurin masu kago duk a ƙarƙashin fitila ake yinsu. Ko jirgin ƙasa zai shiga a tashar Baniyas, a ƙarƙashin ƙasa take. Hasken da ke shigowa ta gilashin taga ko na mota bai da amfani a wannan fanni, domin gilashi yana tare irin hasken da fata ke buƙata. Wannan mutumin a Kwari ko Wambai, ko bai so ba, rana za ta same shi a kan babur, a layin alwala, a wurin jana'iza. A nan kuwa sai ya yi wata shida ba ta taɓa damtsensa ba.

Sannan ga launin fata. Baƙar fata garkuwa ce da Allah Ya yi mana daga ƙunar rana, amma wannan garkuwar tana sa mu buƙaci lokaci mai tsawo a rana, ninkin abin da farar fata ke buƙata, kafin jiki ya haɗa adadi ɗaya. Ga 'yan'uwa mata kuma abin ya fi tsanani. Matar aure a Kano ko Katsina, ko tana cikin kulle, tana da tsakar gida: a nan take wanki da shanya da tsintar shinkafa, rana na dukan hannayenta da wuyanta ba tare da idon kowa ba. Ɗakin haya a hawa na shida a Sabkha ba shi da tsakar gida. Saboda haka masu ɗora laifin a kan hijabi sun gajarta tunani. Kakanninmu sun suturta jikinsu kuma sun sha rana, tsarin gidan ne ya canza.

Alamomin rashin suna zuwa a hankali, kuma suna kama da abubuwan da muka saba ba wasu sunaye. Ciwon baya da ƙugu da cinyoyi, nauyin jiki, kasala, wahalar hawa bene, da wahalar miƙewa daga zaman tahiya sai an dafa ƙasa. Da yawa za su ce sanyi ne na'ura ta sa musu, su yi ta shan maganin kashe ciwo, wanda yawansa ke cutar da ciki da ƙoda. Wasu ma sukan tafi da zato zuwa sammu. Ga yara kuwa, ƙashin da ke girma ne ke yin laushi: ƙafa ta lanƙwashe ta zama baka ko gwame, wuyan hannu ya kumbura, tafiya da fitar haƙora su yi jinkiri. Jariri ma yakan yi jijjiga idan kalsiyam ya faɗi ƙwarai a jininsa. Nonon uwa, duk da fifikonsa a kan kowane abinci, bitamin D ɗinsa kaɗan ne, musamman idan ita uwar ba ta da shi. Shi ya sa likitocin yara ke ba da shawarar a riƙa ɗiga wa jariri mai shan nono awo 400 na IU kullum.

Akwai wani darasi daga gida da ya kamata a sani. A Jos, inda rana ba ta yi wa kowa rowa, an sha ganin yara masu lanƙwasassun ƙafafu. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna cewa waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Abincinsu ne ba shi da madara. Wato dai abu biyu ne ke tafiya tare, kuma yaron da aka yaye aka ɗora kan shinkafa da lemon kwalba bai tsira ba don kawai yana wasa a rana.

Mafita ta farko ita ce ranar kanta, amma da lura. Gwargwadon gajartar inuwar mutum, gwargwadon amfanin hasken. Musulmi ya riga ya san karatun inuwa daga lokutan salla: ranar sassafe da ta bayan la'asar ba ta haɗa wani abin kirki, ta hantsi zuwa azahar ce ke aiki. A bazarar Dubai tsakar rana haɗari ce, har hukuma ta hana aiki a fili daga 12:30 zuwa 3:00 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. A lokacin sai a nemi hantsi, a taƙaita. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa babu uzuri. Tafiya a ƙafa a bakin ruwan Khor, hannun riga a naɗe, ko tsallakawa Bur Dubai a kwalekwalen abra daga tashar Sabkha, sau biyu ko uku a mako, ba za su ci wa kowa kasuwa ba. Mata su nemi baranda ko rufin bene inda aka amince babu idon maza. Mazauna Ingila da Kanada su sani cewa daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta haɗa bitamin D ko an kwana a cikinta, don haka hukumar lafiya ta Ingila ke shawartar masu baƙar fata su sha ƙwayar awo 400 kullum duk shekara.

A abinci, kifi mai maiƙo ne kan gaba: sadin, da wanda muke kira taitus, da salmon. Kasuwar Waterfront da aka buɗe a 2017 a madadin tsohuwar kasuwar kifi ta Deira cike take da su, kuma sadin yana cikin masu araha. Sai gwaiduwar ƙwai, da madarar da aka rubuta a jikinta an ƙara mata bitamin D.

Sauran bitamin za mu bi su a gurguje, domin maganinsu yana cikin tukunyar da muka baro. Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, in ya yi tsanani ya makantar da yaro. Manja da zogale da alayyafo da kabewa da karas da mangwaro da hanta duk suna ɗauke da shi, kuma tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara shi a sukari da fulawa da man girki. Bitamin C yana cikin gwaiba da lemo da tattasai da garin 'ya'yan kuka. Rashinsa kan sa dasashi ya riƙa jini, rauni ya ƙi warkewa, kuma gwauron da ke rayuwa kan burodi da shawarma da shayin karak bai yi nisa da wannan ba. Dogon dahuwa da yawan kanwa suna kashe shi a miya. Shi ne kuma ke taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, shayi kuwa yana hanawa, don haka a ba da tazara tsakanin abinci da kofin karak.

B12 a nama da kifi da ƙwai da nono kawai ake samunsa. Rashinsa na kawo ƙarancin jini da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa da mantuwa. Dattawa, da masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin, su nemi a auna musu shi. Folik asid kuwa magana ce ta ma'aurata. Lakar bayan jariri tana rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace da yawa ta san ta ɗauka. Saboda haka wadda ke fatan haihuwa ta fara shan maikrogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga.

Saura maganar ƙwayoyi. Kantunan magani a Deira sun cika da su, kuma mu mutane ne masu son a ce an yi mana allurar ƙarin ƙarfi. A kula. Tunda A da D taruwa suke yi a jiki, yawansu guba ne. Ƙwayar D mai awo 50,000 da likita kan rubuta, galibi sau ɗaya a mako ake shanta na ɗan lokaci. Wanda ya mayar da ita ta kullum, ko ya saya ya raba wa dangi a gida a matsayin tsaraba, yana iya jawo musu hauhawar kalsiyam a jini da tsakuwar ƙoda. Mai ciki kuma ta nisanci ƙwayar bitamin A mai ƙarfi da yawan cin hanta, domin suna iya cutar da ɗan tayi. Hanya madaidaiciya ita ce mai alamomin da aka ambata ya je a ɗebi jininsa a auna, sannan likita ya yanke adadi. Mai takardar zama a Dubai doka ta wajabta a yi masa inshorar lafiya, sai ya tambaya ko tasa ta ɗauki nauyin wannan awo.

Ta fuskar halal, mafi yawan D3 daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, akwai kuma na tsiro. Inda ake tsayawa a duba shi ne ɓawon ƙwayar mai laushi, domin jelatin ɗin da ake yinsa da shi yana iya zama na alade, musamman a Turai da Amurka. A karanta kwalin, ko a zaɓi na ɗigawa ko busasshiyar ƙwaya. Da azumi kuma babu dalilin dainawa: a sha ta bayan buɗa-baki ko da sahur, tare da abinci mai ɗan maiƙo, domin da mai ne jiki ya fi ɗibarta.