Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Rediyo a Cikin Kwamfuta

Tambayarmu ta fito ne daga Malam Auwalu, daga garin Zariya. Yana cewa: na ji ana haɗa rediyo a cikin kwamfuta ta hanyar zane, to daga ina mutum zai fara?

Malam Auwalu, mun gode da wannan tambaya. Manhajar da aka fi amfani da ita sunanta GNU Radio Companion. Kyauta ce, kuma Eric Blossom ne ya assasa aikin GNU Radio a shekarar 2001.

A cikinta za ka ga ƙananan akwatuna, kowane da aikinsa. Wani yana kawo sigina, wani yana tace ta, wani yana mayar da ita sauti. Kai za ka jawo su, ka haɗa su da kibiya, manhajar kuma ta rubuta maka umarnin Python da kanta.

Shawarata, kada ka yi gaggawar sayen na'ura. Fara da akwati biyu kacal: Signal Source da Audio Sink. Ka haɗa su, ka kunna, za ka ji ƙara a lasifika. Idan kibiyar ta yi ja, nau'in bayanan akwatunan bai zo ɗaya ba. Dubi launin bakin kowane akwati, dole launukan su dace. A nan ne masu koyo da yawa ke karaya, alhali gyaran ba shi da wuya.

Idan hannunka ya faɗa, sai ka nemi 'yar na'urar RTL-SDR mai shiga kafar USB, ka sa mata eriya, ka gwada kamo tashar FM ta garinku.