Kukan Giya a Akori-kura

Mota ba ta da baki, amma tana faɗin ciwonta. Na koyi haka da hutu wajen kawuna, mai jigilar albasa da gero tsakanin Boɗinga da Shagari a tsohuwar akori-kura Peugeot 504. Ya ce in giya tana ƙara, a lura da lokacin da ƙarar ke fitowa.

Da farko, in ta yi gurnani duk sa'ad da za a sa giya, musamman ta ɗaya da ribas, to, kuloci ne bai raba inji da giya sosai ba. Sai a duba man kuloci, ko ya ragu, ko iska ta shiga bututunsa.

Na biyu, in wajen sa giya guda kaɗai take yi, kamar ta biyu, zoben tagulla mai daidaita gudun haƙora ne ya cinye. Wannan sai bakanike ya sauke giyabos.

Na uku, in an taka kuloci ta yi shewa, an saki ta yi shiru, boris ɗin kuloci ne. In kuwa ana cikin tafiya take kuka, a duba man giya, watakila ya tsiyaye.

Direban da ya toshe kunnensa, wata rana haƙori zai karye, kayan manoma su kwana a hanya, kasuwa ta watse. Kuɗin mai kaɗan ne, na giyabos kuwa sai an sai da rago. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.